Darasin Sanin Duniya: Yadda Biki Ke Ƙulla Zumunci a Ƙasar Filifin

Darasinmu na wannan mako zai kai mu Filifin, ƙasar da ke kudu maso gabashin Asiya, mai tsibirai fiye da 7,000 da mutane sama da miliyan 100. Manila ce babban birninta. Sifaniyawa sun mulke ta daga 1565 zuwa 1898, shi ya sa yawancin mutanenta Kiristoci ne 'yan ɗarikar Katolika. Musulmin ƙasar kuwa galibi suna kudu, a Mindanao da tsibiran Sulu. Za mu bi ƙarshen mako guda, daga Juma'a zuwa Lahadi, mu ga yadda mafi yawansu ke amfani da biki wajen mayar da bare ɗan gida.

Daren Juma'a na abokai ne. Kusan kowane matashi yana da rukunin aminansa, wanda ake kira barkada, kuma sau da yawa tun daga makaranta suke tare. In ɗayansu na bikin ranar haihuwa, shi ake sa ran zai ciyar da sauran. Ba a rasa wata taliya mai suna pancit a wurin, domin suna ɗaukar tsawonta alamar tsawon rai. Bayan an ci, sai a kunna na'urar karaoke, mai murya da marar murya kowa ya rera tasa. Yarinyar da ta cika shekara 18 kuwa akan yi mata babban biki, maza 18 su yi rawa da ita bi da bi, kowanne ya miƙa mata furen wardi.

Asabar ranar ɗaurin aure ce ga mutane da yawa. Kafin a kai nan, iyayen saurayi sun riga sun je gidan budurwa neman aure, abin da ake kira pamamanhikan. A coci, ango kan sa riga mai shara-shara da ake kira barong, wadda mai tsadarta da zaren ganyen abarba ake saƙawa. Akan kunna kyandir, a lulluɓe ango da amarya da mayafi ɗaya, a rataya musu igiya mai siffar lamba 8, sannan ango ya ba amarya tsabar kuɗi 13, alamar zai riƙe gida. A wurin liyafa baƙi kan maƙala wa ma'auratan takardun kuɗi a jikin tufafi suna rawa, kamar dai liƙin da muka sani.

Sai dai ginshiƙin bikin wasu dattawa ne da ake kira ninong, in namiji ne, da ninang, in mace ce. Doka shaidu biyu ta nema, amma iyalai kan zaɓi da dama, su sa hannu a takardar aure. Daga ranar sun zama iyaye na biyu ga ma'auratan: su ba da shawara, su sasanta rikici, su taimaka in an shiga matsi. Haka ake yi a bikin baftisma na jariri, inda iyayen yaro da waɗanda suka tsaya masa ke koma kiran juna kumpare da kumare. Ka ga ke nan, kowane biki yana ƙara wa iyali sababbin dangi.

Lahadi ta iyali ce. Bayan coci akan taru gidan kakanni, yara su kama hannun babba su ɗora a goshinsu don neman albarka, gaisuwar da ake kira mano. Ko a ƙetare ba su bar wannan haɗuwa ba. A Hong Kong, dubban matan Filifin masu aikin gida kan taru a tsakiyar birni ranar Lahadi, su shimfiɗa kwali, su ci abinci tare, su ba juna labarin inda ake neman ma'aikata.

Abin da ke riƙe wannan zumunci shi ne utang na loob, wato bashin alheri da mutum ke jin nauyinsa a zuciya. Amfaninsa a fili yake: wanda ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo yana da inda zai dosa. Amma yana da illa. Wasu kan zaɓi mai kuɗi ko ɗan siyasa ya zama ninong saboda abin hannunsa, shi kuma ya nemi ƙuri'unsu ranar zaɓe. Wani kan samu aiki don ubangidansa ya sa baki, a bar wanda ya fi cancanta. Wasu iyalan kuma kan ci bashi don kada a raina bikinsu. Hausawa dai sun ce zumunta a ƙafa take, amma in ta koma aljihu, talaka ne ke fara rasa dangi.

Tambayoyin nazari:

1. Wane aiki ninong da ninang ke yi bayan an watse daga biki?
2. Ta ina utang na loob ya yi kama da gudummawar biki a garinku, ta ina kuma ya bambanta?
3. Yaushe taimakon ɗan'uwa ke zama zalunci ga wani?

A miƙa amsoshi ga sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa uku da suka fi kyau a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.