Yadda Ake Cin Boga da Milkshek a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

A Kano, daga Court Road zuwa titin Gidan Zoo, ka zagayo ta gadar Dangi ka nufi Farm Centre, da wuya ka yi nisa bayan magariba ba ka ga kwantena ko ɗan shago mai fitilu kala-kala ana gasa boga da shawarma ba. Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014 'yan shaƙatawa suka ƙaru a yankin, masu sana'a kuma suka biyo su. Sai dai kyan fitila ba shi ne kyan abinci ba. Kasko da firiza su ne abin dubawa.

Fara da zaɓen lokaci. Ka je tsakanin magariba da bayan isha'i kaɗan, sa'ad da ciniki ke gudu, nama ba ya daɗewa a ajiye. Wurin da ka ga mutane na jira ya fi wanda mai shi ke zaune yana latsa waya. In da mota ka zo, nemi lungu ka ajiye ta; titin Zariya, musamman wajen Asibitin Malam Aminu Kano, ba wurin tsayuwar ganganci ba ne, ga 'yan KAROTA.

Da ka isa, yi sallama, amma kada ka yi saurin yin oda. Tsaya ka kalli yadda ake sallamar na gabanka. Daga ina ake ɗauko naman, daga firiza ko daga roba a kan tebur? Hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ya koma kan burodi? Ina mayonis yake zaune? A bazara zafin Kano kan kai digiri 40, kabejin da aka cakuɗa da mayonis tun la'asar kuwa ba ya jure wannan. Ka kuma saurari ƙarar janareta ko ka nemi alamar sola. In babu ko ɗaya, tambayi kanka me ke riƙe sanyin firizar idan an ɗauke wuta.

Sai odar boga, nan ne kuma ake yawan sakaci. Mun saba da tsire da balangu, inda ƙwayoyin cuta ke kan bayan tsoka, wuta na taɓa su sun mutu. Niƙaƙƙen nama ba haka yake ba: injin niƙa ya riga ya tura abin da ke waje zuwa ciki. Shi ya sa masana lafiyar abinci suka ce sai zafin tsakiyarsa ya kai digiri 71 in naman sa ne, 74 in kaza ce. Mai shago ba lalle ya mallaki ma'aunin zafi ba, don haka ka faɗa masa kai tsaye: "Malam, a bar min shi ya gasu sosai, ba na sauri." Idan ya miƙo, ɗaga burodin ka ɗan tsaga naman. Ka ga ja a tsakiya, ko ruwan da ke fita bai washe ba? Mayar masa ya ƙara wuta. Babu abin jin nauyi a nan, kuɗinka ne, cikinka ne.

Sauran zaɓi naka ne: naman sa ko kaza, da ƙwai ko babu, da cuku ko babu. Shawarata biyu ce kawai. A rage mayonis, domin masu gasawa da yawa na zuba shi har ya danne ɗanɗanon naman. A kuma ɗora burodin a kasko ya ɗan gasu, kada ya jiƙe ya rugurguje a hannu. Wanda bakinsa ya saba da yajin ƙuli ya tambaya, sau da yawa akwai shi saboda masu shawarma da kaza.

Milkshek kuwa kada ka ce a haɗa shi tun farko, zai narke kana jiran nama. Bari sai an juya boga. Milkshek madara ce da askirim, wasu su ƙara ƙanƙara, a markaɗa a blanda da ayaba, dabino, cakulan ko banila. Kalli askirim ɗin lokacin da ake ɗiba: in ya yi tsatsa-tsatsan ƙanƙara a sama, ya taɓa narkewa ya sake daskarewa ke nan, gara ka koma kan lemon kwalba. Tambayi ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi, ka kuma tabbata an ɗauraye blandar bayan na gabanka. Mai kyau yana da kauri, tsinken sha na tsayawa a tsakiyar kofi bai kwanta ba.

Ƙaramin kofi ya isa, tunda suga ya riga ya yi yawa a askirim, mai ciwon suga kuwa ya haƙura. Wanda madara ke murɗa wa ciki kada ya ce ai yana shan fura da nono lafiya. Tsamin nono ya rage sugan madarar da ke jawo kumburin, milkshek kuwa da shi cike yake.

Tambayi farashi kafin a fasa ƙwai, don ƙarin cuku da ƙwai kowanne da kuɗinsa. In transfa za ka yi, tura tun ana gashi, kada natuwok ya tsayar da kai abinci na hucewa. Riƙe 'yan canji ko kati saboda POS.

Wanke hannu, yi bisimilla, ka bar takardar naɗin a rabin ƙasa tana tare miya, ka ci a nan take da zafinsa. In gida za ka kai wa iyali, a naɗe boga dabam da kabejinsa, a ci cikin awa 2, ko awa 1 a lokacin zafi. Milkshek dai a sha shi a wurin. Kafin adaidaita sahu ta kai ka Unguwa Uku ya zama ruwa.