A Fara Ɗebewa Kafin a Nemi Rangwame

'Yan'uwana ɗalibai, wannan darasi na same shi ne sa'ad da na ke gwajin koyarwa a wata firamare a Jabi. Na sauka gida ɗaya da wani tsohon saja wanda ya bar soja, ya shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda babban ofishinta ya ke nan Jabi. Ran nan da dare ya same ni da wasiƙar ɗansa, wanda ya yi soja a Amurka, yanzu kuwa yana karatu can. Ya ce, "Malam ƙarami, duba mini. Sun ce yaron nan ya karɓi abin da ba nasa ba." Hankalinsa duk a tashe, gama yana tsammani sata aka ce ɗan ya yi.

Ga asalin maganar. Tun 1944, zamanin Shugaba Roosevelt, Amurka ta kafa doka ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, ana ce da ita G.I. Bill. A 2008 aka yi wata sabuwa. Ita wannan tana aika kuɗin makaranta kai tsaye zuwa jami'a, sa'an nan ta ba ɗalibi kuɗin masauki kowane wata, da na littattafai har dala 1,000 a shekara. Wanda ya yi wata 36 a bakin aiki ya kan sami cikakken rabo, wanda bai kai ba a ba shi wani kashi. Duk wannan ba a karɓar haraji a kansa.

Har wa yau akwai rangwamen haraji domin masu shekara huɗun farko ta jami'a. Dala 2,000 na fari da mutum ya biya a kan rage masa su duka daga harajinsa, na biyu kuwa a rage masa rubu'i, watau iyakarsa dala 2,500. Tsohon soja yana iya samun duka biyu. Amma fa dala ɗaya ba ta cin lada sau biyu. Abin da gwamnati ta riga ta biya wa makaranta, sai a ɗebe shi tukuna.

Na ɗauko alli muka yi lissafin a dandaɓe. Kuɗin makarantar yaron dala 15,000 ne, gwamnati ta biya kashi 80 cikin 100, watau 12,000. Saura 3,000, su ne suka fita daga hannunsa. To, 2,000 da rubu'in 1,000 sun zama 2,250. Shi kuwa ya rubuta 15,000 ɗungum, ya nemi 2,500. Rarar dala 250 ke nan za ya mayar, da ɗan ƙari na jinkiri. Da a ce an biya masa duka ne, bai kashe ko kwabo nasa ba, da 2,500 ɗin gaba ɗaya za su koma. Wanda aka tabbata ya yi ganganci a kan hana shi rangwamen shekara 2, mai zamba kuwa shekara 10.

Saja ya ce, "Ai 3,000 ɗin ma daga kuɗin masaukin ya biya." Ni ma a nan na yi turus, sai da na sake karanta ƙa'idar. Ashe kuɗin masauki ba a ɗaure shi ga makaranta ba. Da ya shiga hannun ɗalibi ya zama nasa, in ya biya makaranta da shi a kan lissafa masa. A ganina wannan adalci ne.

Da ya sami natsuwa sai ya ce, "To, mu fa a nan?" Na ce, "Baba, namu dabam ne." Dokar haraji da aka sa wa hannu a Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na fari a shekara, ta kuma ba da sauƙi na kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya, iyakarsa naira 500,000. Fansho ba a taɓa shi. Kuɗin makaranta dai ba ya cikin abubuwan da a ke ɗebewa, saboda haka rasit ɗinsa na jami'a ba za su rage masa kome ba.

Kashegari na kai wa 'yan aji shida lissafin nan, na mai da dala naira. Galibinsu suka ba ni 2,500, don ba su fara da ɗebewa ba. Wata yarinya a layin baya ce ta fara ɗaga hannu da 2,250.