Alƙiblar Waya: Yadda Manhajar Take Aiki Da Inda Take Ruɗewa

Wannan tambaya ta yawaita, daga nan Gumel har Maigatari da Gagarawa: matashi ya buɗe manhajar alƙibla a masallaci, kibiya ta kauce wa mihirabi, sai ya fara shakkar sallolin da aka yi shekara da shekaru ana yi. Kafin mu tuhumi magina, mu san abin da ke hannunmu tukuna.

Waya ba ta san Ka'aba ba, lissafi kawai take yi. Mai haɗa manhajar yakan rubuta matsayin Ka'aba ya ajiye, don ba ya canzawa: digiri 21.42 arewa, 39.83 gabas. Wurin da kake tsaye kuma wayar ta samo shi daga tauraron ɗan adam, Gumel tana wajen 12.6 arewa, 9.4 gabas. Idan aka haɗa biyun, alƙiblarmu tana faɗawa kusan digiri 69 daga arewa. Gabas sak kuwa 90 ce. Wato in muka ce "a fuskanci gabas", a haƙiƙa da ɗan karkata hagu.

Saura sanin ina wayar ta dosa. Akwai wata 'yar na'ura a cikinta mai jin maganaɗisun ƙasa, ita ke nuna arewa. In wayar tana kallon digiri 40, manhaja ta cire 40 daga 69, ta juya kibiya digiri 29 zuwa dama. Haka take maimaitawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Shi ke nan fa. Ɗalibin da ya samu kwamfuta zai iya haɗa irinta da App Inventor, kyauta, kuma zan so in ga yaranmu na Islamiyya sun gwada.

To a wannan na'urar matsalar take. Rodin da ke cikin gini, lasifika, ƙofar ƙarfe, har jakar waya mai maganaɗisu, duk suna ruɗa ta. Shi ya sa mutum uku a sahu ɗaya, kowa da tasa alƙiblar. Fita fili, kwantar da wayar, bayan ka juya ta a iska kamar kana rubuta 8.

Ni dai na fi natsuwa da rana. Ranar 27 ko 28 ga Mayu, ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli, ƙarfe 10:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. Kafa sanda a miƙe, ka tsaya a ƙarshen inuwarta kana kallon sandar: ka fuskanci alƙibla.

Ta ɓangaren hukunci, malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda yake nesa da Makka jihar Ka'aba ake nema gare shi, ba ainihin gininta ba, kuma karkata kaɗan ba ta ɓata sallah. Wanda ya ga kauciya mai yawa ya samu liman a keɓe, a jira Mayu a auna tare, kada ya ta da hayaniya a sahu. Wallahu a'alam.