Darasi: Kunya Iri Biyu Ce

Anthony Kirk-Greene Bature ne ɗan Ingila. An haife shi a 1925, ya rasu a 2018. Ya zo Arewa a 1950, ya yi aikin mulki a lardin Adamawa, daga baya ya koyar a Zariya. Ya koyi Hausa sosai, har ya tara karin magana 500 a littafi guda.

A 1974 ya fitar da ɗan littafi a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma. Akwai gaskiya da amana da haƙuri da karamci. Akwai kuma kunya.

Wannan kunyar kowa ya san ta. Ita ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Ita ke hana suruki cin abinci gaban surukansa. Kunya ce ta girmama mutane, kuma babu mai so ta ɓace.

Amma akwai wata kunyar daban. Wata malama a Jami'ar Houston ta ƙasar Amurka, Brené Brown, ta shafe sama da shekara 20 tana bincike a kanta. Ba ta zauna a ofis kawai ba. Ta yi hira da mutane masu yawa, ta saurari abin da ke damunsu. A 2010 ta yi wata lacca wadda miliyoyin mutane suka kalla.

Ta raba abu biyu. Wanda ya yi laifi ya ji zafin laifinsa, yakan nemi gyara. Wanda kuwa ya ɗauka shi kansa ne ba shi da amfani, sai ya ɓuya. Ta gano cewa shiru da ɓoyo ne abincin irin wannan kunya. Abin da ke kashe ta shi ne mutum ya sami wanda zai saurare shi da tausayi, ba tare da gori ba. A ganinta, fito da rauni fili jarunta ce.

Ba sai an je Amurka ba. Magidanci a Gagarawa Tasha yakan ƙi shiga ajin yaƙi da jahilci don kada yara su gan shi da littafi. Ranar Alhamis ya kai sa kasuwar Maigatari, a ba shi takarda, ya kasa karantawa, ya kuma ji nauyin tambaya. Wa ya cutu?

Na mata ya fi tsanani. Doguwar naƙuda kan jawo yoyon fitsari. Ciwo ne, ba laifi ba, kuma ana yin aiki a warke. A 2008 likitocin ƙungiyar MSF suka fara wannan aiki a asibitin Jahun, kyauta. Duk da haka wata takan yi shekaru a ɗaki, ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. Sau da yawa ba kuɗin mota ne ya tsare ta ba, bakin mutane ne. Ranar wanka kuwa ba a ɓoye cibi. Idan miji ko uwa ko ƙawa ta zauna da ita ba tare da toshe hanci ba, takan sami ƙarfin zuciyar tafiya.

Tambayoyi:
1. Halaye nawa Kirk-Greene ya lissafa?
2. Me ke ciyar da kunya mai cutarwa?
3. A wane gari ake aikin yoyon fitsari a Jigawa?