Na tsinci macijin rairayi a gonar dankali, Inna ta ce ko ni ko shi

Malam,

Ni ɗalibi ne, shekaruna 19, daga wani ƙauye kusa da Hunkuyi a Ƙaramar Hukumar Kudan. Kwanakin baya muna haƙar dankali a gonar Baba da ke jigawa, sai fartanya ta tono wani ɗan maciji gajere mai kauri, launinsa ruwan ƙwai da dabbare-dabbaren baƙi. Bai gudu ba, bai fasa kai ba, ƙoƙarin nutsewa cikin ƙasa kawai yake yi. 'Yan ƙwadago sun ɗaga sanda za su kashe shi, na roƙe su suka bar mini. Na sha ganin irinsa a YouTube, mutanen Amurka suna ajiye shi a ɗaki, suna cewa ba shi da dafi.

Na sa shi a bokitin fenti, na zuba yashin gini, na rufe da faranti. Na ba shi madara da ɗanyen ƙwai, bai kula ba. Na kamo ɓera a rumbu na jefa masa, da safe na tarar ɓeran na yawo a kansa. Yanzu ya kusa wata bai ci komai ba, kullum yana binne, kuma idanunsa sun yi fari-fari.

Ga matsala ta biyu. Ƙanwata ta gani ta faɗa wa Inna, Inna ta ce ko ni ko shi a gidan nan. Matar yayana tana da ciki, akwai kuma ƙananan yara. Wani abokina ya ce in kai shi kasuwar Makarfi ranar Laraba in sayar wa gardi. Ni kuwa ina son sa, Malam, ba na so ya mutu a hannuna. Me zan ba shi ya ci, kuma yaya zan shawo kan Inna?

Naka,
Ɗalibi daga Kudan

Ɗana,

Allah ya saka maka da tausayin da ya sa ka tare sandar nan. Amma kafin maganar abinci, wa ya tabbatar maka abin da ke cikin bokitin shi ne ka gani a waya?

Macijin rairayi da kake zato akwai shi a ƙasarmu. Masana suna kiransa Eryx muelleri, ɗan dangin mesa ne, ana samunsa tun daga Senegal, ya ratsa Mali da Nijar da arewacin Najeriya har Sudan. Tsawonsa kan kai santimita 50 zuwa 70, ba shi da dafi, matse abincinsa yake yi ya haɗiye. To, kububuwa ma gajera ce, mai zane-zane, ita ma tana kwanciya a gonaki, kuma ita ce ta fi kowane maciji kashe manoma a Najeriya. Shi macijin rairayi kansa da wuyansa kusan kauri ɗaya ne, idanunsa ƙanana, jikinsa santsi da sheƙi, wutsiyarsa guntuwa. Ita kububuwa kanta ya fita daban da wuya, jikinta kaushi, in ta fusata takan naɗe ta riƙa goga jikinta da juna yana ba da ƙara. Kada ka dogara da ƙwayar ido, dukansu tsaye take. Akwai kuma wani baƙin siririn maciji mai shiga ƙasa wanda ke iya sararka ta gefen baki ko ka riƙe shi a ƙeya.

Abin da ka siffanta ya yi kama da macijin rairayi, amma ba a sa hannu bisa kama. Ka ɗauki hotonsa daga nesa, kai da wutsiya su fito sosai, ka kai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko sashen nazarin dabbobi na jami'ar. Daga Hunkuyi ba nisa. Har sai sun tabbatar, ka ɗauke shi a matsayin mai dafi, ka ɗora dutse a kan murfin, ka kulle ɗakin.

Na dage a kan wannan ne saboda saran kububuwa yana yaudara. Mutum zai ji ɗan zafi da kumburi ya ce da sauƙi, alhali jininsa ya daina daskarewa, bayan sa'o'i ya fara zuba ta dasashi da fitsari. Shi ya sa ake mata laƙabi da gobe-da-nisa. A Zariya likitan nan ɗan Ingila, David Warrell, ya yi aiki a farkon shekarun 1970, kuma bincikensa da abokan aikinsa ya yaɗa gwajin da ake zuba jinin wanda aka sara a kwalba mai tsabta a jira minti 20 a ga ko zai daskare. In tsautsayi ya faɗa wa wani, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse. A hana gaɓar motsi a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Mu ɗauka an tabbatar macijin rairayi ne. Binnewar da yake yi lafiya ce. Haka yake rayuwa, jiki a ƙasa, hanci da idanu kawai a waje, yana kwanton ɓauna har wani ɗan ɓera ko ƙadangare ya gifta. Farin idon kuma alamar zai yi saɓa ne, kuma maciji mai shirin saɓa ba ya cin abinci. Ka jiƙa tsumma mai tsabta ka matse, ka sa a ƙaramar ƙwarya da aka kifa aka yi wa ƙofa, ya shiga ya sami danshi. In fatar ta fara tashi kada ka ja ta da hannu.

Bokitin fenti bai dace ba, ga saurar sinadari ga ƙunci. Ka nemi roba mai faɗi, tsawonta ya kai tsawon macijin, mai murfin da ke maƙalewa, ka huda ƙananan ramuka da ƙusa mai zafi. Faranti ba ya tsare shi, ƙarfin ture abu gare shi. Yashin gini yana da kaifi, yana kurje masa baki, in ya haɗiye shi kuma ya toshe masa ciki. Ka ɗebo ƙasar jigawar da ka same shi, daga gefen da ba a zuba taki ko maganin ciyawa ba, ka tankaɗe ka shanya, ka zuba zurfin yatsu biyar. Ruwa a ɗan kasko marar zurfi, ana sauyawa kullum.

Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, sai ya matsa inda ɗumi yake. Yana buƙatar gefe ɗaya na robar ya kai wajen digiri 32, ɗayan kuma 25, ya zaɓa. A daji in sanyi ya matsa sai ya ƙara nutsewa, in rana ta ƙwalle ma haka. A roba ba shi da wannan mafita. Hunturu na tafe, kuma ka san yadda asubahin Disamba da Janairu yake a ƙasar Zazzau. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, sai ka riƙa naɗe gorar ruwan zafi da tsumma ka jingina ta a bayan robar ta gefe ɗaya. Kada ka kai gawayi kusa, kada ka shanya robar a rana, kuma da bazara ɗakin kwano zai iya kashe shi a yini guda. Hayaƙin maganin sauro da fiya-fiya su ma suna kashe shi.

Madara da ƙwan kaza ba abincinsa ba ne. Babban ɓera mai rai kuwa shi ke cin macijin, yana gwaguyar bayansa har ya yi gyambo, saboda haka ka sa likitan dabbobi ya duba naka. Abin da yake ci jinjirin ɓera ne wanda kaurinsa bai wuce tsakiyar jikin macijin ba, sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14, a ajiye masa a kan tsingaro da magariba a bar ɗakin. Bayan ya ci, a yi kwana biyu ba a taɓa shi ba, in ba haka ba ya amayar. Ɓeran rumbu kuma ba ka san ko ya ci shinkafar ɓera ba, gubar da ke cikinsa za ta bi macijin. Ke nan sai ka yi kiwon fararen ɓeraye daban, a gidan da tuni aka ce ba a yarda da maciji ba. Wata guda ba ci ba ya kashe babban maciji. In dai ka ga ƙashin bayansa ya fito, ko yana buɗe baki yana numfashi da kumfa, ko kaska ta maƙale masa, to likita.

Waɗanda kake gani a bidiyo yawanci ɗan'uwansa ne na gabashin Afirka, wanda aka haifa a akwati, iyaye da kakanni, ya saba da hannun mutum da mataccen ɓera. Naka ɗan daji ne. Da yawan irinsa ba sa taɓa karɓar abinci a tsare, suna ramewa a hankali har su mutu. In kuma ya karɓa, zai iya kai shekara 15 ko fiye. In ka sami gurbin karatu a Kano ko Sakkwato, wa za ka bar wa?

Game da Inna, ba zan taya ka shawo kanta ba, domin tana da gaskiya. Duk wanda ya girma a ƙasar rake da fadama ya san gidan da maciji ya yi wa ta'asa. Ko marar dafi yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsa da fatarsa, mai jawo zawo da zazzaɓi, kuma ta fi tsanani ga mai ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Duk lokacin da ka taɓa robar ka wanke hannu da sabulu, kada kaskonsa ya je inda ake wanke-wanke. Malamai da yawa ma ba sa ganin dacewar ajiye maciji a gida, ka tambayi limaminku. Kana kuma sane da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Duk dabbar da ka rufe, cinta da shanta sun hau wuyanka.

Kada ka kai wa gardi. Daga buhu sai akwati, sai jefawa gaban 'yan kallo cikin rana, wannan ba ceto ba ne.

Shawarata ka mayar da shi. Ka je ka durƙusa gaban Inna ka ba ta haƙuri, ka gaya mata ranar da za ka fitar da shi, ka kuma cika. Ka gyara masa wuri yadda na faɗa na 'yan kwanakin nan, likita ya gan shi, ya gama saɓarsa. Sannan kafin sanyi ya kankama ka kai shi jigawar da ka same shi da yamma, can gefen da garma ba ta bi kuma nesa da gidaje, ka karkata robar ya fita da kansa. Zai ci gaba da rage wa Baba ɓerayen da ke ɓarna a kunyar dankali. In son waɗannan halittu ya zauna maka a rai, lokacin da ka je Samaru ka tambayi sharuɗɗan shiga karatun likitancin dabbobi ko nazarin halittu, ka fara shiri tun bana. Ka sake rubuto mini in ji abin da suka ce game da hoton.