Yadda Ake Sarrafa Cunkoson Motoci a Lokacin Wasannin Olamfik

Duk birnin da aka ba wa alhakin karɓar baƙuncin wasannin Olamfik yakan fuskanci matsala guda babba, wato yadda dubban ɗaruruwan baƙi za su yi zirga-zirga ba tare da harkokin mazauna birnin sun tsaya cik ba. Idan hanya ta cushe, ɗan wasa zai iya rasa gasar da ya yi shekara huɗu yana shiryawa, motar asibiti kuma ta kasa isa da mara lafiya kan lokaci.

Tushen matsalar lissafi ne. Direba mai hankali yakan bar tazarar daƙiƙa 2 tsakaninsa da motar da ke gabansa. Da yake akwai daƙiƙa 3,600 a cikin awa ɗaya, layi ɗaya na titi ba zai ɗauki fiye da mota 1,800 a awa ba. A ɗauka 'yan kallo 90,000 ne za su je fili, kowace mota da mutum 3. Ke nan za a sami mota 30,000, waɗanda za su ci kusan awa 17 kafin su wuce ta layi ɗaya. Amma idan aka zuba mutanen a bas mai cin mutum 50, bas 1,800 kawai ake bukata.

Saboda haka masana sukan bi hanyoyi uku. Ta farko ita ce rage yawan motoci. A wasannin Beijin ta ƙasar Sin a 2008, daga 20 ga Yuli zuwa 20 ga Satumba, motocin da lambarsu ta ƙare da mara suna fita a rana ɗaya, masu cika kuma su fita washegari.

Ta biyu ita ce rarraba lokacin fita. A Los Anjales ta Amurka a 1984, ma'aikatu da yawa sun sauya lokacin tashi da zuwa aiki, aka kuma mayar da jigilar kaya ta manyan motoci zuwa dare. A nan ne kuma birnin ya fara amfani da kwamfuta wajen sarrafa fitilun hanya a kewayen babban filin wasa. An binne na'urori a cikin kwalta masu ƙidaya motocin da ke wucewa, kwamfuta kuwa ta riƙa tsawaita koren fitila a ɓangaren da ya fi cunkoso.

Ta uku ita ce keɓe layi. A Landan a 2012 an ware wa 'yan wasa da jami'ai layuka masu tsawon kusan mil 30, aka sa tara ga duk wanda ya shiga ba izini. Wannan dabara tana da illa, domin duk layin da aka keɓe an rage wa sauran jama'a ne, shi ya sa direbobin tasi na birnin suka yi zanga-zanga.

Aiki ga ɗalibai: malami ya kai aji bakin wata mahaɗar hanya, a ƙirga motocin da suka wuce ta layi ɗaya cikin minti 10, a ninka da 6. Sai a kwatanta amsar da 1,800, a kuma tattauna dalilin bambancin da aka samu.