Gyara Kayanka: Darasi a Kan Kula da Kwamfuta

Gabatarwa

A zagayen da muke yi cikin ƙauyuka mun lura kwamfuta ta shigo cikinmu sosai. Magatakardan ikkilisiya yana buga rahoto da ita, malamin makaranta yana shirya tambayoyin jarrabawa, ɗalibi kuma yana koyon yadda zai rubuta JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Yawancin waɗannan kwamfutoci tokumbo ne, an saye su da kuɗin da aka tara da wahala, mai gyara kuwa yana can birni, sai an biya kuɗin mota zuwa da dawowa.

Abin da ya sa muka shirya wannan darasi ya faru ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke aiki. Zumuntar mata tana da ƙungiyar ajiya da rance. Magatakardarsu mace ce mai ƙwazo, ta bar littafi ta koma rubuta kome a kwamfutar ɗanta: wadda ta ajiye, wadda ta karɓi rance, wadda ta biya. Wata rana kwamfutar ta ƙi tashi. Aka aika da ita birni, mai gyara ya ce sai an wanke ta, wato a share kome a sa sabuwar Windows. Yaron da aka aika ya ce to. Kwamfuta ta dawo tana aiki kamar sabuwa, amma lissafin shekara biyu ya tafi, ga shi saura makonni kaɗan a yi rabo. Matan da suke zama a benci ɗaya ran Lahadi suka fara kallon juna da zargi. Sai da dattawa suka zauna sau da yawa kafin aka daidaita, har yau kuma akwai wadda take ganin an cuce ta.

Manufar darasi

Mu gane cewa kwamfuta ana iya gyara ta, ana iya sayen wata, amma abin da muka rubuta a ciki in ya ɓace babu kasuwar da ake sayar da shi. Mu kuma koyi ƙananan abubuwan da za mu iya yi da kanmu kafin mu nemi mai gyara.

1. A fara duba abu mai sauƙi

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kawo mana a ce sun lalace, lafiyarsu ƙalau. In kwamfuta ta ƙi tashi, mu duba soket tukuna: mu sa cajar waya a wurin mu ga ko akwai wuta. Mu duba wayar caja ko ɓera ya ci ta, ko bakinta bai shiga sosai ba. In duk waɗannan suna daidai, mu cire caja, mu cire batir in mai cirewa ne, mu danne maɓallin kunnawa har daƙiƙa 30, sa'an nan mu mayar da caja mu sake gwadawa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

In ta ƙi karɓar kalmar sirri, mu duba ko Caps Lock yana kunne, gama ƙaramin baƙi da babba ba ɗaya ba ne a wurinta. In intanet ya ƙi kamawa, mu duba ko wani ya danna alamar jirgin sama, ko kuwa data ce ta ƙare. In kullum ranar wata da agogon kwamfuta suna komawa baya, har shafukan intanet suna ƙin buɗewa, to wani ƙaramin batir ne a ciki ya ƙare. Faɗinsa kamar kwabo, a yawancin kwamfutocin tebur lambarsa CR2032, kuma ba shi da tsada.

2. Wuta

A wurinmu wuta ita ce ta fi kashe kwamfuta. Ƙarfin wutar gida a Najeriya ya kamata ya zama bolt 230, amma dukanmu mun san yadda ƙwai yakan yi ja kamar garwashi, can kuma ya yi haske har ya fashe. Lokacin da ya fi hatsari shi ne sa'ad da aka dawo da wuta. Saboda haka in an ɗauke wuta mu zare filogi, in an dawo da ita mu jira minti biyu ko uku ta daidaita kafin mu mayar.

Haka ma janareta. A tayar da shi tukuna, a bari ƙararsa ta zauna, sa'an nan a jona kwamfuta. In za a kashe, a zare kwamfuta kafin a kashe shi. Kada a bari mai ya ƙare janareta yana tari alhali kwamfuta tana jone. Da damina kuma, in hadari ya taso ana walƙiya, a zare kome daga bango, gama kashe maɓallin soket kaɗai ba ya hana tsawa shiga.

Kwamfutar tebur ba ta da batir, in wuta ta ɗauke nan take take mutuwa, wannan kuwa yana lalata fayiloli, wani lokaci har Windows ɗin kanta. Maganinsa UPS, wani akwati mai batir da yake riƙe ta na 'yan mintoci domin mu adana aikinmu mu kashe ta yadda ya kamata. Sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta, amma ba ta riƙe kwamfuta in wuta ta tafi. Aikinsu dabam ne, kada mai shago ya ce mana duk ɗaya ne.

Caja kuma, ba kowace wadda bakinta ya shiga ce ta dace ba. A jikin kowace caja an rubuta ƙarfin da take fitarwa, misali 19V ko 19.5V ko 20V. In za mu sayi sabuwa mu tafi da tsohuwar, mu tabbata lambar ta yi daidai. In kuma muka ga cikin laftof ya kumbura, ko maɓallai sun turo sama, to batir ne ya kumbura. A daina amfani da ita nan da nan. Kada a huda batirin, kada a jefa shi a wuta ko a bola inda yara suke wasa, gama yana iya kamawa da wuta.

3. Ƙura, zafi da ƙwari

Kwamfuta tana da fanka a ciki da ƙananan ƙofofin shan iska. Ƙurar hunturu takan toshe su, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe. Alamar ita ce fanka tana ƙara sosai, ƙasan kwamfutar yana zafi, can sai ta kashe kanta. Wannan kashe kai ba lalacewa ba ne, tana kāre kanta ne kada ta ƙone. Kada mu ɗora laftof a kan katifa, ko matashi, ko zane, domin suna toshe ƙofofin. Mu sa ta a kan tebur ko faranti mai faɗi. In mun gama aiki, ta huce, mu rufe ta da kyalle mai tsabta ko mu mayar da ita jaka. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a ba wanda ya iya ya buɗe ya share ƙurar.

Kada a ci abinci a kanta. Ɓurɓushin burodi da sukari suna kiran tururuwa da kyankyaso, su kuwa suna son wuri mai ɗumi. In ruwa ko shayi ya zube a kai, a kashe ta nan take, a zare caja, a kifa ta, a bar ta ta bushe aƙalla kwana biyu a inuwa mai iska. Kada a kai ta bakin murhu, kada kuma a yi ta kunnawa domin a ga ko tana aiki. Wannan gwajin ne yake ƙone ta.

4. Filash da bairos

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A ƙauye, inda intanet ba shi da yawa, filash ita ce babbar tsagar. Mun kai ta shagon buga takardu a gari, ta kwaso bairos, mun dawo mun sa a tamu. Wanda ya fi damun mutanenmu shi ne mai ɓoye fayiloli: ka buɗe filash ka ga foldojinka sun koma gumaka masu ƙaramar kibiya a gindi. Kada a danna su, dannawar ce take sakin cutar. Kada kuma a yi gaggawar wanke filash ɗin, gama yawanci fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, wanda ya iya zai fito da su.

Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da maganin bairos nasu, Microsoft Defender, kyauta. Abin da yake bukata shi ne a jona kwamfuta da intanet lokaci lokaci ya sabunta kansa, ko da ta wayar hannu ne. Mu sani kuma cewa Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na yau da kullum ya ƙare ran 14 ga Oktoba 2025. Kwamfuta mai irin waɗannan za ta ci gaba da buga wasiƙa da lissafi, amma ba ta dace da harkar banki a intanet ba. Duk saƙon da ya nemi lambar BVN, ko lambar sirrin kati, ko lambar da banki ya turo a waya, na ɓarayi ne, ko da ya zo da sunan taimako ko tallafi.

5. In ta sandare ko ta yi nauyi

In kwamfuta ta sandare, kada mu yi ta dukan maɓallai. Mu jira minti biyu. In ba ta saki ba, mu danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani akwati zai fito da jerin abubuwan da suke aiki, mu rufe wanda ya maƙale. In wannan ma ya ƙi, mu danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Wannan magani ne na ƙarshe, kada ya zama hanyarmu ta kashe ta kullum.

In nauyi take yi, mu duba ko rumbun ajiyarta ya cika da finafinai da waƙoƙi, mu rage. Amma in muka ji wata ƙara tana fitowa daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas, to rumbun ne yake gab da mutuwa. A ranar, ba gobe ba, mu kwashe kome mu kai wani wuri.

6. Ba a ajiye iri a wuri ɗaya

Nan ne zuciyar darasinmu. Manomi mai hankali yakan rataye wani iri a ɗakin girki inda hayaƙi yake, wani a rumbu, wani kuma ya ba ɗan'uwansa ajiya, domin in gara ko gobara ta ci ɗaya, ba za a rasa na shuka ba. Haka za mu yi da fayilolinmu. Kowane abu mai muhimmanci ya kasance a wuri uku.

Na farko a cikin kwamfutar kanta. Sa'ad da muke rubutu mu saba da danna Ctrl da S kowane 'yan mintoci, domin in wuta ta ɗauke kada aikin yini ya tafi.

Na biyu a filash da aka keɓe domin wannan kaɗai, wadda ba ta zuwa shago, ba a ba da aronta. Kada a ajiye ta a jaka ɗaya da kwamfutar, gama ɓarawon da ya ɗauki jaka ya ɗauki duka biyu. Ma'aji ko shugabar ƙungiya ta riƙe ta a gidanta.

Na uku a nesa. Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta a Google Drive, lissafin ƙungiya na shekaru da yawa kuwa ba zai cika ko kaɗan daga ciki ba. Wanda bai iya wannan ba, ya tura wa kansa fayil ɗin ta imel.

A sa rana, misali bayan kowane taron ƙungiya, a kwafa a gaban mutum biyu. Lokaci lokaci a buɗe abin da aka kwafa a tabbata yana buɗuwa. Game da kuɗin jama'a kuwa, shawararmu ita ce kada a bar littafi. A buga lissafin kowane wata a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu. Kalmar sirri ma kada ta zauna a kan mutum ɗaya. A rubuta ta, a rufe a ambulan, a ba wani amintacce, gama mutum yana iya tafiya, yana iya rashin lafiya.

In kuma mun share wani abu bisa kuskure, mu duba kwandon shara na kwamfutar, Recycle Bin, sau da yawa yana nan. In daga filash aka share, a daina sa mata sabon abu har a kai wa wanda ya iya, domin sabon abu ne yake taka tsohon.

7. In dole a kai wa mai gyara

Mu rubuta abin da ya faru a takarda: yaushe ta fara, me muke yi a lokacin, wane rubutu ya fito a allo. In da hali mu ɗauki hoton rubutun da waya. Mu tafi da caja. Kada mu aiki yaron da bai san abin da yake ciki ba. Kafin mai gyara ya taɓa ta, mu faɗa masa a fili: kada a wanke ta sai an kwashe mini kayana. Ko kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya, yawanci ana iya cire rumbunta a jona da wata a kwashe fayilolin. Da an faɗi wannan jimla guda, da matan nan ba su shiga abin da suka shiga ba. Mu yi ciniki kafin aiki, mu karɓi rasit, in an canja wani abu mu ce a ba mu tsohon.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne takardu ne na ikkilisiyarmu ko ƙungiyarmu suke cikin kwamfuta ɗaya tak a yau?
2. In mai riƙe da kwamfutar ya yi tafiya gobe, wa zai iya buɗe ta?
3. Mene ne bambancin aikin UPS da na sitabilaiza?
4. Me za mu faɗa wa mai gyara kafin ya fara aiki?

Aikin yi

Kafin taro na gaba, kowace ƙungiya ta sayi filash guda, ta kwafa lissafinta, ta zaɓi wanda zai riƙe ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. In mun zo zagaye za mu tambaya mu gani, wanda kuma ya sami wahala wajen kwafar, ya kawo kwamfutar mu yi tare.